Walter Kerr

Walter Francis Kerr (8 ga Yuli, 1913 zuwa 9 ga Oktoba, 1996) ɗan Amurka ne, malamin jami'a, marubuci, kuma mai sharhin wasan kwaikwayo a jarida. Ya kwashe fiye da shekara 30 yana sharhi a kan wasannin Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta birnin New York, da farko a jaridar New York Herald Tribune, daga baya a New York Times. A 1978 aka ba shi lambar yabo ta Pulitzer a fannin sharhi, a 1990 kuma aka sa wa wani gidan wasa na Broadway sunansa.

Tasowa da karatu

An haife shi a garin Evanston na jihar Illinois, dab da Chicago. Tun yana ɗan makaranta ya fara rubuta sharhin fina-finai a ƙananan jaridun garinsu, a zamanin da fim bai fara magana ba. Ya fara karatun jami'a a DePauw, sannan ya koma jami'ar Northwestern da ke garinsu, inda ya sami digirin farko a 1937, na biyu a 1938.

Malanta

A 1938 ɗin ya kama aikin koyarwa a Jami'ar Katolika ta Amurka da ke Washington, a sashen koyar da iya magana da wasan kwaikwayo, wanda wani limamin coci, Gilbert Hartke, ya kafa shekara guda kafin nan. Sashen sabo ne, hannuwa kaɗan ne, don haka malami ba a allo kawai yake tsayawa ba. Kerr yana koyarwa, yana rubuta wasa, yana ba ɗalibai umarni a dandamali. Wasu daga cikin wasannin da aka fara gwadawa a makarantar sun kai har Broadway. Ɗaya daga ciki shi ne *Sing Out, Sweet Land* na 1944, wanda aka gina a kan waƙoƙin gargajiyar Amurka.

A waɗannan shekaru ya haɗu da Jean Collins, suka yi aure a 1943, suka haifi 'ya'ya shida, biyar maza da mace ɗaya. Ita ma ta yi suna da kanta a rubutun barkwanci. Littafinta na 1957, *Please Don't Eat the Daisies*, labarin hayaniyar gidansu ne, kuma da aka mayar da shi fim a 1960 David Niven ne ya fito a matsayin maigidan, mai sharhin wasan kwaikwayo. Wato akwai mutane da yawa da suka fara sanin sana'ar Kerr ta bakin matarsa.

Shekarun malantar nan ba su bar shi ba. Yawancin masu sharhin zamaninsa daga teburin labarai suka fito, shi kuwa daga bayan labule ya fito. Ya san yadda ake jera fitowa, ya san inda wasa ke sagewa in marubuci ya ɓata minti goma yana bayani, ya san wahalar sa mutum ɗari biyar su yi dariya a lokaci guda. Abin da ya riƙa nema ke nan a wasannin wasu.

Aikin jarida

Ya fara sharhi a mujallar Commonweal ta mabiya ɗarikar Katolika a 1950, a 1951 kuma Herald Tribune ta ɗauke shi. Aikin a wancan lokaci na gaggawa ne. Daren da aka buɗe sabon wasa, ana sauke labule masu sharhi ke tashi su nufi ofis tun 'yan kallo na tafi, domin injin buga jarida ba ya jiran kowa. Abin da mutum ya gani cikin awa biyu da rabi sai ya auna shi, ya rubuta, ya miƙa kafin a rufe bugun safe. Su kuma 'yan wasa da masu zuba jari sukan taru, galibi a gidan cin abinci na Sardi's, suna jiran bugun farko. Sharhi mara daɗi daga manyan jaridun safe kan iya rufe wasan da aka yi watanni ana shiryawa cikin mako guda.

Wani abu da ya faru a farkon 1962 ya nuna nauyin da sunayen nan ke da shi. Mai shirya wasanni David Merrick yana da wasan waƙa mai suna *Subways Are for Sleeping* wanda masu sharhi ba su yaba ba. Sai ya nemo mutum bakwai a New York masu suna iri ɗaya da na masu sharhin jaridu bakwai na birnin, har da wani Walter Kerr da bai taɓa rubuta sharhi ba. Ya kai su kallo, ya karɓi yabonsu, ya shirya talla da sunayensu da hotunansu. Sauran jaridu suka gano wayon suka ƙi bugawa, amma tallar ta kuɓuce ta fito a bugun farko na Herald Tribune, jaridar shi Kerr na gaskiyan.

Herald Tribune ta durƙushe a 1966 bayan yajin aikin ma'aikata, Kerr ya koma New York Times. Shekara guda kawai ya yi yana sharhin kullum. Daga 1967 ya bar wa Clive Barnes wannan kujera, ya koma rubuta dogon sharhi a bugun Lahadi, inda yake da kwanaki na tunani maimakon awa guda. A haka ya ci gaba har ya yi ritaya a 1983.

Salonsa da ra'ayinsa

Ƙarfin Kerr yana wajen siffantawa. Kafin ya ce wasa ya yi kyau ko bai yi ba, sai ya nuna wa mai karatu abin da ɗan wasa ya yi da hannunsa, yadda ya tsaya a bakin ƙofa, inda ya yi shiru. Sau da yawa yakan buɗe sharhi da ƙaramin abu guda da ya gani a dandamali, ya bi shi a hankali har ya kai ga hukunci. Wanda bai je kallo ba yakan ji kamar ya leƙa. Yana da zolaya mai kaifi, amma ba a san shi da cin mutunci ba.

Ra'ayinsa kuwa ya shimfiɗa shi tun a littafinsa na 1955, *How Not to Write a Play*, wato yadda bai kamata a rubuta wasa ba. A ganinsa, marubutan da suka biyo sawun Ibsen da Chekhov, manyan marubutan wasa na Turai, sun mayar da dandamali wurin wa'azi da nazarin matsalolin al'umma, suka manta da labari da motsi, shi ya sa jama'a suka watse suka koma silima. Hujjarsa ita ce manyan zamunnan wasan kwaikwayo, irin na Shakespeare, zamunna ne da talaka da attajiri ke cika gida ɗaya. Bai yarda cewa cikar gida alamar arha ba ce, kuma bai yarda cewa gundurar da 'yan kallo alamar zurfi ba ce.

Wannan ma'auni ya yi masa rana, ya kuma yi masa dare. Ya yaba wa *Gypsy* na 1959 ba tare da ja da baya ba, kuma lokaci ya gaskata shi. Amma bai sake da *Waiting for Godot* na Samuel Beckett ba da ya zo Broadway a 1956, ya kira *Candide* na Leonard Bernstein babban bala'i a wannan shekarar, ya kuma ce *Fiddler on the Roof* na 1964 ya kusa dacewa amma ya kuskure, wasan da ya je ya yi fitowa fiye da 3,000 a jere. Wasannin Stephen Sondheim na shekarun 1970, irin su *Company* da *Follies*, ya yarda da gwanintarsu amma ya ga babu ɗumi a cikinsu. Masu sukarsa sun ce kunnensa ya tsaya a wani zamani. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai ko a inda ya kauce, yakan faɗi dalilinsa filla-filla, har mai karatu ya iya amfani da bayanin nasa ya saɓa masa.

Shi ma ya ɗanɗani abin da yake ɗanɗana wa wasu. A 1958, yana tsakiyar aikin sharhi, shi da Jean suka rubuta wasan waƙa mai suna *Goldilocks*, da kiɗan Leroy Anderson, Kerr ya ba da umarni. Wasan ya sami lambobin yabo na Tony (manyan lambobin Broadway) guda biyu na 'yan wasa, amma bai yi kasuwa ba, ya rufe bayan 'yan watanni.

Littattafai

Ya wallafa littattafai goma ko kusa da haka, wasu tarin sharhinsa ne na jarida, wasu nazari ne na malami. A *The Decline of Pleasure* na 1962 ya yi jayayya cewa mutanen zamani sun koyi auna komai da amfaninsa, har sun kai ga jin kunyar hutu da nishaɗi. A *Tragedy and Comedy* na 1967 ya juya fahimtar da aka saba da ita. Ya ce wasan alhini shi ne mai kyakkyawan zato ga ɗan Adam, domin yana nuna shi yana miƙa hannu ga abin da ya fi ƙarfinsa, wasan barkwanci kuma shi ne mai tuna masa iyakarsa: yunwa, tsufa, santsin ƙasa.

Littafin da ya fi daɗewa a hannun masu karatu bai shafi Broadway ba sam. *The Silent Clowns* na 1975 nazari ne a kan 'yan barkwancin fina-finan da ba magana, Charlie Chaplin, Buster Keaton, Harold Lloyd, Harry Langdon, da Laurel da Hardy, mutanen da ya taso yana kallo a Evanston. A nan baiwarsa ta siffanta motsi ta sami fili sosai, tun da fim ɗin da ba magana motsi ne zalla, kuma har yau masu nazarin fim na komawa gare shi, musamman a kan Keaton.

Ƙarshen rayuwa

Iyalin sun daɗe suna zaune a Larchmont, wajen birnin New York. Kerr ya rasu a garin Dobbs Ferry yana da shekara 83, Jean kuma ta rasu a 2003. Gidan wasan da ke ɗauke da sunansa yana kan titi na 48 a Manhattan. An gina shi a 1921 da sunan Ritz, aka gyara shi aka sake buɗe shi a 1990 da wasan August Wilson mai suna *The Piano Lesson*, Kerr yana raye. A nan aka nuna *Angels in America* a 1993, a nan kuma *Hadestown* ya buɗe a 2019.