Tsara gudun ruwa da fayif a tankin murjani a Legas: tambayoyi da amsoshi

Yawancin masu kiwon kifin ado a Legas da ruwan daɗi suke farawa. Idan mutum ya koma ruwan gishiri da murjani, hankalinsa kan tafi ga fitila da kifi masu launi, alhali wani abin da ke kashe tanki a garin nan shi ne fayif ɗin da aka haɗa ba a yi lissafin ɗaukewar wuta ba.

Me ya sa motsin ruwa ke da muhimmanci haka?

Murjani dabba ne, kuma a manne yake wuri guda. Ruwa ne ke kawo masa abinci da iskar shaƙa, shi ne kuma ke wanke majinar da yake fitarwa. Duk lungun da ruwa ya kwanta, datti zai taru, gansakuka ta biyo baya.

Nawa ne gudun da ya isa?

Aiki biyu ne, kada a haɗa su. Na farko shi ne ruwan da ke sauka zuwa ƙaramin tankin ƙasa, inda matata da injin kumfa mai cire datti daga ruwa suke, sannan famfo ya mayar da shi sama. Nan ninki 3 zuwa 5 na girman tankin a awa ya wadatar: tanki mai lita 300 na son lita 900 zuwa 1,500. Na biyu shi ne kaɗawar ruwa a cikin tankin kansa, aikin ƙananan famfunan igiyar ruwa da ake mannawa a jikin gilashi. Murjani mai laushi yana jin daɗi da ninki 10 zuwa 20, mai tauri mai rassa yana son 30 zuwa 50. Ƙanana biyu masu fuskantar juna sun fi babba ɗaya da ke feshi gefe guda, domin feshin kai tsaye yana ɗaye naman murjani.

A kula, adadin da aka rubuta a kwalin famfo na lokacin da ba ya hawa da ruwa ne. Tsayi da kowace kwana ta fayif suna rage shi, don haka a duba jadawalin tsayi kafin a biya kuɗi.

Idan an ɗauke wuta, me zai faru?

Nan ne gizo ke saƙar. Da famfo ya tsaya, ruwan sama zai ci gaba da gangarowa har ya kai bakin magudana, wato hanyar da ke sauke ruwa zuwa tankin ƙasa, fayif ɗin da ke kai ruwa sama kuma ya juya yana zuƙo shi ƙasa. Idan tankin ƙasa a cike yake, falo ne zai sha ruwan gishiri, wanda ke haya a bene kuma sai ya yi wa maƙwabcin ƙasa bayani.

Lissafin ba wuya. Tanki mai tsawon santimita 120 da faɗin 50, idan ruwa ya sauka da santimita 3, lita 18 ke nan, ban da wanda ke cikin fayif. Sai a bar wurin lita 25 zuwa 30 a tankin ƙasa kullum. Bakin fayif mai dawo da ruwa ya tsaya kusa da saman ruwa, ko a huda ƙaramin rami a jikinsa daf da saman, domin iska ta shiga ta katse zuƙar. Akwai bawul mai hana ruwa komawa baya, amma ni ba na ba da shawarar a dogara da shi: ƙwayar yashi ɗaya ko ɗan katantanwa ya isa ya hana shi rufewa, kuma a inda kamfanin Ikeja Electric ko na Eko ke ɗauke wuta sau da yawa, wata rana zai ba da kunya.

Sai numfashi. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai, ga shi Legas da zafi, don haka cikin 'yan awoyi kifi kan fara haki. Ko janareta na nan, a ɗora famfon igiyar ruwa ɗaya a kan inbata ko batir, a karkata shi yana kaɗa saman ruwa. Famfunan DC masu bolt 24 sun fi dacewa da wannan, ba sa cin wuta da yawa, ba sa kuma ƙara zafi sosai a ruwan da ake son ya tsaya wajen digiri 25 zuwa 26.

Wane irin fayif za a saya?

PVC zalla, da gam ɗinsa. A kasuwar kayan gini ta Orile Coker za a samu, amma a tsaya a kan mai gyaran famfo, domin ya saba da bawul na tagulla, jan ƙarfen da ke cikinta kuwa guba ne ga murjani da jatan lande. A sa mahaɗa mai kwancewa kafin famfo da bayansa don ranar wanki.

Magudana ɗaya ba ta isa ba?

Tana aiki, sai dai tana ƙara, kuma ranar da ta toshe tankin sama ne zai yi ambaliya. Biyu sun fi: ɗaya mai bawul da ake saitawa har ruwa ya cika ta ta yi shiru, ɗaya kuma a buɗe, ta fi ta tsayi kaɗan, tana jiran ko-ta-kwana. Idan guda ce tal, kada a taɓa sa mata bawul. A rage gudun daga wajen famfo.

Zan iya ɗebo ruwa a bakin teku?

Ban ba ka shawara ba, Malam. Ruwan gaɓar Legas yana haɗe da na kwata da mai, na burtsatse kuma a unguwanni da yawa yana da ƙarfe. A tace ruwan daɗi da injin RO, mai cire ƙarfe da sauran abubuwan da suka narke a ruwa, a dama gishirin tanki har ma'aunin gishiri ya nuna 1.025. Abin da ya ƙafe kuwa da ruwan daɗi tatacce ake cikewa, tunda gishiri ba ya bin tururi.

Ta yaya zan gwada aikin?

A cika da ruwan famfo tukuna, a bar shi yana gudu kwana biyu ana shafa kowace mahaɗa da busasshen tsumma. Sannan a kashe soket da gangan, a jira ruwa ya gama sauka, a ja layi a jikin tankin ƙasa inda bai kamata a wuce ba yayin cikawa idan famfo a kashe yake. A sake kunnawa, a toshe babbar magudana da hannu, a ga ko ta biyu za ta ɗauki ruwan duka.