Alamomin da ke daɗewa a fuska bayan jijjigar ƙwaƙwalwa

Jijjigar ƙwaƙwalwa ita ce abin da ke faruwa idan kai ya bugu, ko jiki ya sha fizga mai ƙarfi, ƙwaƙwalwa ta girgiza cikin ƙoƙon kai har aikinta ya ɗan rikice. Ba dole sai an suma ba, mafi yawan masu ita ma ba sa suma. A nan Legas kullum muna gani: ɗan acaɓa ya faɗi a Agege ba hular kwano, ɗan dako ya zame da buhun albasa a kasuwar Mile 12. Yawancin manya suna warwarewa cikin mako 2 zuwa 4. Idan an haura mako 4 ciwon kai, jiri, mantuwa ko rashin barci ba su tafi ba, likitoci na kiransu alamomi masu daɗewa. Wannan iyakar ce taron masana na Amsterdam ya amince da ita a 2022.

Cikin alamomin nan, wata da ke tayar wa mutane hankali ita ce ta fuska. Mutum yana alwala, sai ya ji ruwa a kumatun dama daban da na hagu. Ya kai kofin shayi baki, leɓen sama bai ji zafin ba. Wani ya ce kamar kiyashi ke yawo ƙarƙashin idonsa, wani ya ce wurin ya yi dindiris.

Jijiyoyi 12 ne a dama, 12 a hagu, ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa. Ta biyar ita ke ɗauke da jin fuska, kuma rassa uku gare ta: na goshi da ido, na kumatu da leɓen sama da haƙoran sama, sai na haɓa da leɓen ƙasa. Reshen tsakiya yana fitowa ta wata 'yar kafa a ƙashin da ke ƙarƙashin ido, wurin da ya fi shan ƙasa idan an faɗi ta fuska. Ya matsu, ko ƙashin ya tsage, shi ke nan kumatu da dasashi sun sage. Jijiyar da ta ji rauni sosai kuwa kimanin milimita 1 take tohowa a rana, saboda haka watanni ake lissafi. Wani lokaci kuma daga wuya ne, domin jijiyoyin saman wuya suna haɗuwa da ta biyar ɗin a gindin ƙwaƙwalwa, sai ciwon wuya ya bayyana a goshi ko bayan ido. Fargaba ma tana ƙarawa: numfashi da sauri-sauri yana sa kewayen baki da yatsu su riƙa yi kamar ana tsira musu allura.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke yi wa masu wannan lalura. An yi hoton kai, ya fito lafiya, sai ka ji ana cewa, "Ƙanena, ai likita ya ce ba komai, tashi ka koma aiki." Hoton nan jini da karaya yake nema, ba ya nuna jijjiga. Mutumin ba ƙarya yake yi ba, ba kuma ragwanci ba ne. Ya huta kwana 1 zuwa 2, sannan ya fara tafiya da ƙananan ayyuka a hankali. Kwanciya cikin ɗaki mai duhu makonni ba ta taimakawa. Kada ya hau babur yana jin jiri, don bugu na biyu kafin na farko ya warke ya fi haɗari. A bar sayen tiramadol a kemis, farasitamol ya isa kafin a ga likita.

A rarrabe jin fuska da motsinta. Motsi aikin jijiya ta bakwai ne. Dindiris ɗin da ke raguwa zai iya jiran ranar ganin likita. Amma idan baki ya karkace, ido ya ƙi rufuwa, magana ta sarƙe, hannu ya yi nauyi, ko ana ta amai, barci na rinjayar mutum, ciwon kai na ƙaruwa, ko ruwa garau na fita ta hanci ko kunne, ba a jiran gari ya waye. A kira 112 ko 767, ko a wuce asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba ko na LASUTH a Ikeja. Dattawa da masu shan maganin tsinka jini a sa musu ido sosai, domin jini kan taru musu a hankali, alamarsa ta fito makonni bayan faɗuwar.