Don Allah a daina shuka ƙwayar tuffa

A wannan makon kaɗai mutum uku suka zo mini da kuka iri ɗaya. Na ƙarshensu dattijo ne, ya ciro waya ya nuna mini hoton bishiyar tuffa da ya shekara shida yana yi wa ban ruwa, ko fure ba ta taɓa yi ba. Na ce, "Baba, ina ka samo dashen?" Ya ce tuffa mai zaƙi ya saya a kasuwa, ya ci, ya binne ƙwayar. Wallahi ya ba ni tausayi, amma raina ya ɓaci, domin bakina har ya gaji da faɗa: ƙwayar tuffa ba ta gadon uwarta.

A Ingila akwai wata tsohuwar tuffa mai suna Bramley, ƙatuwa, koriya, ga tsami. Ba a cika cin ta ɗanya ba, dafa ta ake yi ta narke kamar fate. A 1809 wata yarinya, Mary Ann Brailsford, ta shuka ƙwayar da ta zama bishiyarta ta farko a garin Southwell. Za ku ce to ai ga shi daga ƙwaya ta fito. Dace ne, kuma masu ita ba su sake gwada sa'a ba. A 1856 wani mai rainon dashe, Henry Merryweather, ya yanki rassanta ya fara yi musu aure, kuma duk Bramley da ke duniya yau daga reshen wannan bishiya ɗaya ta samo asali. Ko ƙwayar Bramley ɗin ka shuka, wata aba daban za ta fito.

'Yan uwana, mun san wannan a mangwaro fa. Wa zai binne ƙwallon mangwaro mai aure ya zauna jiran irinsa? To me ya sa in an zo kan tuffa sai mu manta? Shekara shida na ruwa da taki da wahalar yara, haba jama'a!

Ku sayi dashe mai aure, ku duba gaɓar da idonku, wani ɗan kumburi ne sama da gindi. Mai sayarwa ya faɗi sunan nau'in, in ya kasa ku bar masa kayansa. Kada ku binne gaɓar auren a ƙasa, kuma duk tohon da ya fito ƙarƙashinta a cire. A dasa nau'i biyu kusa da juna don su riƙe 'ya'ya. Tuffa 'yar sanyi ce, irin na Jos da Mambila, don haka mai gona a wuri mai zafi ya zo mu yi shawara kafin ya kashe kuɗinsa.

Shi kuwa Baba na hana shi sare tasa. Za mu nemo reshe mai kyau mu yi mata aure.