Mai shanyewar ɓarin jiki, magunguna da ƙoda: amsoshin tambayoyin masu jinya

Daga Tudun Wada har Samaru a Zariya, tambayoyin masu jinya iri ɗaya ne kullum. Ga amsoshin, a karanta da kyau.

Baba na kukan ciwon kafaɗa, in sayo masa diclofenac a kemis?

A'a. Haka ibuprofen da Feldene. Suna rage jinin da ke shiga ƙoda, suna kuma tayar da hawan jinin da ya kwantar da shi tun farko. Ku ba shi paracetamol, ku riƙa motsa masa hannun.

Asfirin fa?

Ƙaramin nan mai 75mg, in likita ne ya rubuta, a ci gaba.

An ce maganin hawan jini ke kashe ƙoda.

Wa ya ce? Hawan jinin da aka yi sakaci da shi ne ke cinye ta. Magungunan hawan jini irin lisinopril da losartan ma kare ta suke yi, musamman ga mai ciwon suga. A dai yi gwajin ƙoda mako 1 zuwa 2 bayan farawa.

Hajiya ta kwana tana gudawa da amai, in ba ta maganinta na safe?

Nan ne ba na son yanke hukunci daga nesa. Idan ruwan jiki ya ƙare, lisinopril ko losartan, da mai sa fitsari irin Lasix, suna iya durƙusar da ƙoda cikin 'yan kwanaki. Metformin, maganin suga, kuwa taruwa yake a jini idan ƙoda ta raunana. Shi ya sa likitoci kan ce a dakatar da waɗannan na kwana 1 ko 2 har ta koma ci da sha. Amma ya danganta. Mai ciwon zuciya da ƙafafu a kumbure, tsayar mata da Lasix na iya tara mata ruwa a huhu. Ga kuma matsalar haɗiya: da yawan masu shanyewar ɓarin jiki ruwa na sarƙe su, ba sa iya cewa suna jin ƙishi, balle a zafin Afrilu. Ku kira likitanta ranar. In fitsari ya ragu ko ta fara ruɗewa, ku kwashi kwalayen maganin duka ku nufi asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, kada ku jira gobe.

Jiƙon da kawu ya aiko daga ƙauye fa?

Haba! Kun san abin da ke ciki? Ba a haɗa shi da na asibiti.

Ƙodar da ta taɓu tana dawowa?

Wadda magani ko ƙarewar ruwan jiki ya taɓa farat ɗaya, sau da yawa tana dawowa in an gano da wuri. Ku kwantar da hankali, ku je gwajin.