Me ya kai ƙauyukan Tailan idon duniya ta hanyar fim?

Wai ba Ong-Bak ne kaɗai fim ɗinsu ba?

A'a, shi dai muka fi sani, har wasu ma suna ce masa fim ɗin Chana alhali na Tailan ne. Ya fito 2003, kuma in ka cire duka da tsalle-tsallen Tony Jaa labarin ƙauye ne zalla: ɓarayi sun sare kan gunkin Buddha na ƙauyensu, talakawa suka harhaɗa ɗan abin da suke da shi suka tura saurayi Bankok ya dawo da shi. Shi kansa Tony Jaa ɗan lardin Surin ne, cikin giwaye ya taso.

Wane yanki aka fi nunawa?

Isan, arewa maso gabas, kan iyakar Lawos da Kambodiya. Manoman shinkafa ne, ga fari ga talauci, matasa na ta kwarara Bankok suna tuƙin tasi da leburanci, yarensu ma ya fi kusa da na Lawos, 'yan birni sun daɗe suna musu kallon ƙauyawa. Shi ya sa fim ɗin Luk Isan na 1982 yake burge ni, an yi shi da yaren mutanen, ya nuna yadda iyali ke fafutukar abin da za su ci lokacin fari ba tare da an mayar da su abin dariya ba.

To ya aka yi Turawa suka waiwaye su?

Nan sai an ambaci darakta Apichatpong Weerasethakul, wanda ya girma a Khon Kaen da ke yankin Isan. Fim ɗinsa na Uncle Boonmee ya ci babbar kyautar bikin Cannes na Faransa a 2010, karon farko da ɗan Tailan ya ci. Boonmee manomi ne da ciwon ƙoda ya kusa kai shi, ana cikin cin abincin dare sai fatalwar matarsa da ta rasu ta bayyana ta zauna, ɗansa da ya ɓata shi ma ya dawo da siffar biri, kuma ba wanda ya ruga, hira suka ci gaba da yi. Fim ne mai tafiyar hawainiya sosai, amma akwai ciwo a ƙarƙashi, don mutumin yana ganin alhakin 'yan kwaminis da ya kashe ne yake bin sa, kuma da gaske sojoji sun murƙushe ƙauyukan Isan tun daga 1965.

A gida ana kallonsu kuwa?

Irin na Apichatpong ba sosai ba, hukumar tace fim ma ta taɓa yanke masa wani na 2006. Masu cika sinima su ne na fatalwa da barkwanci. Sap Pa Rer na 2023, labarin mai haɗa gawa a ƙauye da yaren Isan, ya tara sama da baht (kuɗin Tailan) miliyan 700, 'yan Bankok ɗin da ke raina yaren suka bi layi suka sayi tikiti.