Tiyatar gyaran siffa

Tiyatar gyaran siffa reshe ne na aikin fiɗa da ya shafi gyara ko sauya kamannin wani sashe na jikin mutum. Likitoci sun kasa ta gida biyu. Akwai tiyatar maidowa, wadda ake yi wa wanda aka haifa da tawaya, ko wanda wuta, haɗari, yaƙi ko ciwon daji ya ɓata wa wani wuri a jiki. Akwai kuma tiyatar kwalliya, wadda ake yi wa lafiyayyar gaɓa don mai ita yana son ta fi haka kyau a idonsa. Kayan aiki da dabaru duk ɗaya ne, sau da yawa ma likitan ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne dalili, da kuma wanda zai biya. Gwamnatoci da kamfanonin inshorar lafiya kan ɗauki nauyin ta farko, su bar ta biyu ga aljihun mai so. Iyakar ba a shata take sarai ba: rage girman mama ga mace mai fama da ciwon baya, ko ɗage fatar ido da ta sauko ta tare gani, wani asibitin zai kira shi magani, wani ya ce ado ne.

Tarihin farko

Da hanci wannan sana'a ta fara. Wani rubutun likitanci na tsohuwar Masar, wanda ake jin an kwafe shi wajen shekara ta 1600 kafin Miladiyya daga wani da ya girme shi, ya yi bayanin yadda ake miƙe karyayyen hanci a cusa ƙyalle a kafofinsa. Amma cikakken bayanin gina sabon hanci daga Indiya ya fito, a littafin Sushruta Samhita. Masana ba su daidaita a kan shekarunsa ba. Wasu na kai shi ƙarni na 6 kafin Miladiyya, wasu na ganin an ɗauki ƙarnuka ana ƙara masa abubuwa. A wancan zamanin yanke hanci hukunci ne da ake yi wa mazinata da ɓarayi da fursunonin yaƙi, don haka masu neman gyara ba su yi kaɗan ba. Likitan kan ɗora ganye a gurbin hancin ya auna girmansa, ya yanko fata daidai da ganyen daga kunci ba tare da ya tsinke ta gaba ɗaya ba, ya juyo ta ya ɗinke, sannan ya zura karan zurma biyu a kafofin don numfashi. Barin fata manne da inda aka yanko ta, domin jini ya ci gaba da ciyar da ita har ta kama a sabon wuri, shi ne tushen da aikin ke kai har yau.

A Rum, Celsus ya rubuta dabarun gyaran leɓe da kunne a ƙarni na 1. Daga nan labari ya yi ƙaranci sai ƙarni na 15, lokacin da gidan Branca a tsibirin Sisili suka shahara da gyaran hanci, ɗansu Antonio ya koma ɗaukar fata daga damtse don kada a ƙara wa fuska tabo. Gaspare Tagliacozzi, malamin fiɗa a Bologna, shi ya tsara wannan hanya a littafin da ya fitar a 1597. Ana ɗaga fatar damtse a ɗinka ta a fuska, a ɗaure hannun a jikin kai da maɗauran fata har mako biyu zuwa uku, majiyyaci ba halin sauke hannu ko juya wuya, ga shi babu maganin kashe zafi. Faɗan takobi da ciwon tunjere, mai cinye karan hanci, su suka riƙa kawo masa mutane. Bayan rasuwarsa a 1599 aikin ya dusashe a Turai kusan shekara ɗari biyu.

Wata wasiƙa ce ta farfaɗo da shi. A Oktoban 1794 mujallar Gentleman's Magazine ta Landan ta buga labarin Cowasjee, mai koran shanun dako a rundunar Birtaniya, wanda mutanen Tipu Sultan, sarkin Mysore a Indiya, suka kama suka yanke masa hanci da hannu ɗaya. Wani mai sana'ar ginin yumɓu a kusa da Pune ya yi masa sabon hanci: ya fara kwatanta siffar da kakin zuma, ya baje kakin a goshi ya zana, ya yanko fatar goshin ya murɗo ta ƙasa. Likitocin Turawa biyu sun shaida aikin da idonsu. Joseph Carpue ya gwada wannan hanya a Landan a 1814, ta yi kyau, kuma har yanzu fatar goshi ce aka fi dogara da ita idan za a gina hanci da ya tafi.

Shigowar kwalliya

Muddin fiɗa na nufin azaba da yiwuwar mutuwa saboda ruɓewar rauni, ba mai hankalin da zai miƙa lafiyayyar fuska ga wuƙa. Abubuwa biyu suka sauya haka: maganin sa barci da aka nuna a bainar jama'a a Boston a 1846, da tsarin kashe ƙwayoyin cuta na Joseph Lister daga 1867. A 1887 John Roe na Amurka ya bayyana yadda ya rage hanci ta cikin kafofinsa, ba tabo a waje. A Balin, Jacques Joseph ya kwantar da kunnuwan wani yaro da ake yi wa dariya a makaranta a 1896, abin da ya jawo maigidansa ya sallame shi daga aiki, don a ganinsa wannan ba aikin likita ba ne. Joseph ya ci gaba, ya zama wanda ake danganta gyaran hanci na zamani da shi. Hujjarsa ita ce ɓacin ran da mutum ke ɗauke da shi saboda siffarsa ciwo ne kamar kowane ciwo, hujjar da masu wannan aiki ke kafawa har gobe.

Wannan zamani ya bar ɓarna mai yawa. Daga wajen 1900 aka yi yayin allurar kakin farafin don cike hanci da kunci, daga baya kakin ya riƙa narkewa yana gangarawa, ya dunƙule a ƙarƙashin fata. A shekarun 1920 wani likitan Faransa, Charles Dujarier, ya yi ƙoƙarin cire kitse daga ƙafar wata mace, ƙafar ta ruɓe aka yanke ta. An daɗe bayan haka ba a sake kusantar cire kitse ba. Wanda ya fara jan fatar fuska don kawar da tamoji kuwa, ana jayayya tsakanin Eugen Holländer da Erich Lexer, duka Jamusawa ne na farkon ƙarni na 20.

Yaƙe-yaƙen duniya

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya mayar da wannan aiki fanni mai zaman kansa. Soja a ramin yaƙi jikinsa a ɓoye yake, kansa ne a waje, sai harsashi da tarkacen bam suka riƙa kwashe muƙamuƙi da hanci da idanu, ga kuma mutum bai mutu ba. Harold Gillies, likitan kunne da maƙogwaro ɗan asalin Niyuzilan, ya shawo kan rundunar Birtaniya ta ware masa sashe a Aldershot. Bayan gumurzun Somme na ƙasar Faransa a 1916 aka kwararo masa majiyyata wajen 2,000. A 1917 aka buɗe asibitin Queen's a Sidcup, inda aka yi wa mutum sama da 5,000 tiyata fiye da 11,000.

Babbar dabarar Gillies ita ce naɗe fata. Sai a ɗaga doguwar fata daga ƙirji ko kafaɗa, a naɗe ta kamar bututu a ɗinke bakinta, ɗanyen gefen ya koma ciki, ƙwayoyin cuta ba su samu ƙofa ba. Bayan makonni a yanke ƙarshe ɗaya a dasa shi gaba, a jira ya kama, a sake matsawa, har fatar ta isa fuska. Wani majiyyacin kan shekara biyu ko uku ana yi masa haka. Vladimir Filatov na Odesa ya gano irin wannan dabara a daidai lokacin, ba tare da ɗaya ya san da ɗaya ba. A Sidcup ɗin ne kuma Ivan Magill ya inganta zura bututun numfashi ta maƙogwaro, saboda likitan fiɗa da mai ba da maganin barci duk fuska ɗaya suke buƙata. An ruwaito cewa an cire madubai daga ɗakunan jinya, kuma an shafa wa wasu kujerun garin shuɗin fenti don mutane su san mai raunin fuska zai iya zama a wurin.

A yaƙi na biyu ƙuna ce ta fi yawa, musamman ga matuƙa jirgin sama. Archibald McIndoe, ɗan'uwan Gillies, ya yi aiki a East Grinstead, ya yaɗa wankan ruwan gishiri ga masu ƙuna, ya kuma matsa wa mutanen gari su riƙa karɓar majiyyatansa a gidajensu. Ƙungiyar da majiyyatan suka kafa a 1941 ta kai mutum 649. Likitocin da suka samu horo a waɗannan yaƙe-yaƙe su ne, da aka samu zaman lafiya, suka buɗe ɗakunan tiyatar kwalliya.

Ire-iren da aka fi nema

Ƙungiyar likitocin tiyatar kwalliya ta duniya, ISAPS, ta ƙiyasta an yi tiyata wajen miliyan 15.8 a 2023, ban da allurai da sauran gyare-gyaren da ba a yanka. Mata ne mafi rinjaye, Amurka da Burazil ne a gaba. Zuƙe kitse ne ya zo na ɗaya. Yves-Gérard Illouz na Faris ya daidaita hanyarsa a ƙarshen shekarun 1970, da siririn bututu marar kaifi. Ba maganin ƙiba ba ne, teɓar da ta ƙi jin motsa jiki ake ragewa da shi.

Ƙara girman mama da jakar silikon ya fara a Houston a 1962, a hannun Thomas Cronin da Frank Gerow. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta taƙaita amfani da ita a 1992 saboda zargin tana haddasa cututtuka, ta sake amincewa a 2006. A 2010 aka gano kamfanin PIP na Faransa yana cika jakunkunansa da silikon na masana'antu, aka ɗaure mai kamfanin. Jakar ba ta dawwama, yawancin masu ita sai sun sake shiga tiyata.

Yi wa fatar ido ninki, wanda wani likitan Japan ya fara bayyanawa a 1896, shi ya fi karɓuwa a Gabashin Asiya, musamman Koriya ta Kudu. Dashen gashi ga masu sanƙo ya samo asali daga aikin Shoji Okuda a 1939 da Norman Orentreich a shekarun 1950, yanzu kuma Turkiyya ce babbar kasuwarsa. Akwai rage tumbi bayan haihuwa, da cire nonon maza, da ƙara tsawo ta hanyar karya ƙashin ƙafa a riƙa ja da milimita ɗaya kullum, abin da Sin ta haramta don kwalliya a 2006.

Maidowa a yau

Madubin ƙara girma ya ba likitoci damar ɗinke jijiyar jini mai kaurin zare, don haka yanzu ana ɗauko fata da tsoka daga ciki ko cinya a kai wani wuri a tiyata ɗaya. Da haka ake gina mama bayan an cire shi saboda ciwon daji. An yi dashen hannu a Lyon a 1998, dashen wani ɓangare na fuska a Amiens a Nuwamban 2005, da na fuska gaba ɗaya a Barcelona a 2010. Wanda aka yi wa dashe zai sha maganin danne garkuwar jiki iya rayuwarsa.

Mafi yawan masu buƙatar tiyatar gyara ba irin wannan suke nema ba. Kusan jariri ɗaya cikin 700 ake haifa da tsagaggen leɓe ko ganda. Gyaran leɓen aikin awa ɗaya ne zuwa biyu, ana yin sa jariri na wata uku zuwa shida, amma inda babu likita yaro kan girma da shi, tsotso ya gagare shi, magana ta ƙi fita daidai. Haka masu ƙunar da ta warke ta ƙanƙance wuya ko yatsu, da waɗanda suka tsira daga noma, cutar da ke zaizaye baki da fuskar yara masu tamowa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disamban 2023. Wani kwamitin mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2015 cewa mutum biliyan 5 ba su da hanyar samun tiyata mai aminci da za su iya biya. Ƙungiyoyin agaji irin su Operation Smile, da aka kafa a 1982, da Smile Train, a 1999, suna cike wani ɓangare na giɓin.

Haɗari

Kowace tiyata na iya zuwa da zubar jini, ruɓewar rauni, daskarewar jini a jijiya, mutuwar wani sashe na fata, ko matsalar maganin barci. Masu baƙar fata sun fi saurin samun tabo mai tudu da ke wuce iyakar yankan. Shan taba na hana fatar da aka ɗaga kamawa, shi ya sa likitoci ke sa a daina makonni kafin aiki. Ƙara girman mazaunai da kitsen jikin mutum ya fi sauran kisa, domin idan allurar ta shiga tsoka kitsen kan bi jijiya ya toshe huhu. Wani bincike na 2017 ya ƙiyasta mutuwa ɗaya cikin kusan 3,000, ƙiyasin da aka yi daga baya ya nuna ƙasa da haka. Masu tafiya wata ƙasa neman araha kan dawo gida kafin rauni ya warke, matsala ta taso babu likitan da ya yi aikin a kusa.

Akwai kuma larurar ƙwaƙwalwa da ke sa mutum ya ƙwallafa rai a kan aibin da wasu ba sa gani a jikinsa. Tana da yawa a cikin masu neman tiyatar kwalliya fiye da sauran jama'a, kuma tiyata ba kasafai take raba su da damuwar ba.

Doka da muhawara

A ƙasashe da dama kowane likita mai lasisi na iya yin tiyatar kwalliya ko da bai ƙware a fannin ba. Ingila ta hana yi wa 'yan ƙasa da shekara 18 allurar Botox mai kawar da tamoji don ado a 2021, Faransa kuma ta hana masu tasiri a kafafen sada zumunta tallata tiyatar kwalliya a 2023. Malaman addini galibi sun halatta gyaran tawaya da rauni, sun saɓa a kan na ado zalla. Masu suka na cewa sana'ar na sayar wa mutane rashin gamsuwa da jikinsu, masu kare ta na cewa zaɓin baligi ne a kan jikinsa.