Kariyar lafiyar ma'aikatan asibiti 'yan ƙungiya a wurin aiki

Kariyar lafiyar ma'aikatan asibiti na nufin duk dokoki da kayan aiki da yarjejeniyoyin da ke tsare likita da nas da unguwarzoma da ɗan lab da mai shara daga cuta ko rauni ko hari a bakin aikinsu. A Najeriya akasarin ma'aikatan asibitocin gwamnati suna cikin ƙungiyar ƙwadago. A gari irin Zariya, mai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika da asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan da cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye, da wuya ka samu unguwar da babu wanda ke fita dutin dare.

Haɗurran aikin

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yawa shi ne sukar allura. Nas ta gama yi wa marar lafiya allura, ga layi ga gajiya, ta zo mayar da murfi da hannu biyu sai tsinin ya shige ɗan yatsa. Shi ya sa ƙa'idar ta ce kar a mayar da murfi sam, a jefa sirinji yadda yake cikin kwalin nan na musamman, in ya kai kashi uku cikin huɗu a rufe shi a kai wajen ƙonawa. Mutane sun fi jin tsoron ƙanjamau, amma a lissafi shi ne mai sauƙin: in allurar mai ƙanjamau ta soki mutum, yiwuwar ɗauka kusan 3 ne cikin 1,000, alhali ciwon hanta nau'in B yana iya kaiwa 30 cikin 100 ga wanda bai yi rigakafi ba. Rigakafin kuwa allura uku ce kacal, ta farko, sai bayan wata 1, sai a wata na 6. Shi ƙanjamau akwai maganin da ake fara sha kafin awa 72 ta cika, a sha kwana 28, kuma gara a fara tun a awannin farko. Matsalar dai da yawa in abin ya faru sai su wanke hannu su yi shiru, ko don kunya ko don ba su san ofishin da za su kai rahoto ba da ƙarfe biyun dare.

Zazzaɓin Lassa ma tun asalinsa da ma'aikatan asibiti ya fara. A 1969 aka gano shi bayan ya kama nas-nas 'yan mishan, ta farko daga garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, a 1970 kuma likita Jeanette Troup ta rasu a Jos bayan ta yanke a hannu tana binciken gawa. Ebola ta 2014 a Legas ta tafi da Dakta Stella Adadevoh, wadda ta hana Patrick Sawyer, mutumin da ya shigo da cutar daga Laberiya, fita daga asibiti. Sai tarin fuka da ke bin iska, wanda takunkumin tiyata na yau da kullum ba ya tare shi sosai, sai mai lamba N95 da ɗaki mai tagogi a buɗe. Akwai ciwon baya na ɗaga marasa lafiya, da hasken hoton ƙashi, da kol ɗin da likita zai kwana ya wuni bai runtsa ba.

Wani haɗarin kuma ba na ƙwayar cuta ba ne. 'Yan uwan marar lafiya kan huce haushinsu kan nas ɗin da ke imajensi in an rasa gado ko jini, a zage ta, wani lokacin har mari. A farkon watan Yulin 2021 'yan bindiga sun shiga gidajen ma'aikatan cibiyar Saye suka sace mutane har da nas-nas da jariri, a Agustan 2024 kuma likitoci masu neman ƙwarewa sun yi yajin gargaɗi na kwana 7 a faɗin ƙasa kan wata likitar Cibiyar Ido ta Kaduna da aka sace tun Disambar 2023.

Abin da doka ta ce

Dokar Masana'antu ta 1987, wadda ita ce tsohuwar dokar tsaron lafiya a wurin aiki, da kamfanoni masu injina aka rubuta ta a rai, asibiti bai zauna a cikinta daidai ba. Wadda ta fi taɓa ma'aikacin lafiya kai tsaye ita ce Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, NSITF, ke riƙe da asusun. Mai ɗaukar aiki ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin wata, ba a cire ko sisi daga albashin ma'aikaci. Ta haɗa da rauni da cutar da aka ɗauka a wurin aiki da haɗari a hanyar zuwa ko dawowa, har da taɓuwar hankali saboda aiki. To amma akwai wa'adi, ma'aikaci ya sanar cikin kwana 14, shugabanninsa su kai rahoto cikin kwana 7, neman diyya kuma cikin shekara 1, nan ne wanda ya yi shiru ranar da allura ta soke shi yake yin asara.

Najeriya ta kuma amince da Yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1994, da ta 187 a 2022. Ta 155 ɗin ta ce ma'aikacin da ya janye daga aikin da ya ga yana barazana ga ransa nan take bai kamata a hukunta shi ba. A takarda wannan ya yi, amma a ɗakin haihuwa da mace na naƙuda babu safar hannu, yawanci sai dai a rubuta wa miji ya ruga kemis ya sayo.

Rawar ƙungiyoyi

Nas-nas da unguwarzoma suna NANNM, likitoci masu neman ƙwarewa suna NARD, ga uwar ƙungiyar likitoci NMA, ga ƙungiyar ma'aikatan lafiya MHWUN wadda Ayuba Wabba ya shugabanta kafin ya zama shugaban uwar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa NLC a 2015, sai gamayyar JOHESU ta ma'aikatan lafiya da ba likitoci ba. Amfanin ƙungiya a nan a fili yake, mutum ɗaya in ya ce ba zai shiga ɗakin killace masu Lassa ba sai da rigar kariya, takardar tuhuma zai samu, in ciyaman na reshe ya faɗa da yawun mutum ɗari biyar sai a kira mitin. Ƙungiya ce ke raka memba wajen cike takardun diyya, ita ke zuwa Kotun Ma'aikata. Yajin aiki kuma ana ɗaure masa ƙafa, don lafiya tana cikin ayyukan da doka ta kira na dole, gwamnati kuma kan ɗauko sashe na 43 na Dokar Rikicin Ƙwadago, wato ba aiki ba albashi.

Babban abin da aka fi kai ruwa rana a kai shi ne alawus na haɗari. Shekara da shekaru naira 5,000 ne a wata, kowa da kowa, har korona ta zo ta tona asirin abin. A Disambar 2021 gwamnatin tarayya ta ɗaga shi zuwa tsakanin 32,000 da 40,000 ga likitoci, sauran ma'aikata tsakanin 15,000 da 34,000, wannan kuma na asibitocin tarayya ne, ma'aikacin jiha da na ƙaramar hukuma sai abin da gwamnansa ya ga dama. Gaskiya an ci nasara a nan, sai dai kuɗin ya mamaye zancen, kowane memba ya san ko an biya shi ariyas ɗinsa, amma ba kowa ne zai iya gaya maka ko ya cike allurarsa ta uku ta ciwon hanta ba.

Sannan akwai waɗanda inuwar ba ta kai kansu ba. Tun da aka fara miƙa shara da gadi da wanki ga 'yan kwangila a asibitocin tarayya, matar da ke ɗaukar buhun shara da asuba, wadda ita ce allurar da wani ya jefa a kwandon da bai dace ba za ta fara soka, sau da yawa ba ta cikin ƙungiyar asibitin, ba ta da alawus na haɗari, takalmin roba ma sai in ɗan kwangila ya saya. Haka 'yan kajuwal da masu aikin sa kai a ƙananan asibitocin unguwa, da ɗalibai 'yan sanin makamar aiki waɗanda su ake turawa ɗibar jini.